Asabar a Filin Karnuka

Asabar, kafin rana ta buɗe ido,
nakan ja Duna zuwa filin nan na Lekki
da aka zagaye da waya, aka sa wa ƙofa biyu.
Iska na kawo ƙarnin kifi da hayaƙin janareta.
Karen maigidana ne, amma ni yake bi,
ni ke wanke masa kwano, tarina ya sani.

Kakana mafarauci ne a dajin Birnin Gwari,
karnukansa tara, ba wanda ya san igiya.
Da zai gan ni da leda a aljihu
ina jiran kare ya tsuguna in kwashe,
da ya ce Legas ta gama da jikansa.

To, ranar nan ina kwance igiya
Duna ya zabura kamar an tashi 'yan makaranta.
Ya shinshina wannan, ya kori wancan,
sai ga 'yar karyar Madam Ibironke,
fara sol kamar sabuwar auduga.
Suka yi zagaye uku, suka yi birgima,
kafin in ƙifta ido ya ɗare bayanta.

Kunya ta rufe ni daga hula har silifa.
Na ɗaga igiya zan zuba masa,
sai wani tsoho ya riƙe mini hannu,
Dakta Ezenwa, mai tabarau a goshi.
Shekara goma sha biyu ya yi yana duba shanu a Gombe,
Hausarsa na ɗingishi, amma tana isa inda za ta.

Ya ce, "Malam, sauke hannu.
Ba kullum ba ne abin da kake zato.
Wani murna ce ta yi masa yawa
ya rasa inda zai zuba ta.
Bar kallon na sama, kalli ta ƙasa.
In ta ɓoye wutsiya, in kunnuwa sun kwanta,
in tana waiwaye tana yage leɓe,
wasa ya ƙare ko naka bai ji labari ba.
Kira shi da suna. In ya ƙi, taka da ƙafarka,
ban da ihu, ban da jifa,
ja shi gefe ya sha ruwa, numfashi ya sauka.
Sannan ka je ka ba mai ita haƙuri.
Kada ka ce ai kare ne.
Duk wanda ke nan ya san kare ne."

Na je. Madam ta rungume abarta kamar jaririya,
ta faɗi wata magana da Yarbanci,
ban ji ba, amma fuska ba ta neman tafinta.
Na ba da haƙuri da Turancina na bakin geti,
muka koma gindin kwakwa ni da Duna,
ya zaro harshe yana kallona
kamar wanda aka tayar daga kan akushi.

Minti goma. Kafin in sake shi na tambaye ta,
ta ɗaga kafaɗa, ta sauke tata ƙasa.
Sai ga ikon Allah.
Duna ya kwanta yana taunar ƙwallo,
'yar farar nan da ba ta kai gwiwarsa ba
ta zagayo ta haye wuyansa,
tana ta fama kamar mai kama danfo a Oshodi.

Fili ya yi tsit.
Madam ta taso da gudu, ɗankwali na zamewa,
"Kuki! Kuki!"
Ta sunkuce ta, ta juyo wajena,
bakinta na lalubar kalmar da na ba ta ɗazu.
Dakta na dariya har tabarau ya gangaro kan hanci.

Na ce ba komai, Madam.
Ban ce ai kare ne ba.

Da za mu fita, tsakanin ƙofofin nan biyu,
ta miƙo mini biskit ɗin karnuka guda uku.
Na zuba a aljihu, kusa da ledar.
Duna ya bi aljihun da hanci har gida.